Kawu da Tsokar Saman Zuciya

Ranar Talata, da ƙarfe goma saura kwata na safe, Kawu ya cika a ɗakinsa, a gidan gado da ke Kaura Namoda. Mu huɗu ne a kansa: matarsa, babban ɗansa, ƙanwarsa wadda ita ce mahaifiyata, muna ce mata Inna, sai ni. Na san lokacin daidai ne saboda agogonsa na ɗaure a hannunsa, babban ɗan kuma ya duba shi kafin ya kwance shi. An kai Kawu makwancinsa bayan Azahar. Ya haura shekara saba'in da biyar. Allah ya gafarta masa, ya yalwata masa kabarinsa.

Gidanmu na malamai ne da ma'aikata. Kakanmu alƙali ne, 'ya'yansa kuma daga mai koyarwa sai mai aikin ofis. Saboda haka babu wanda ya yi mamakin manyan rigunan da suka cika ƙofar gida a kwana ukun zaman makoki. Abin da ya sa mutane waiwaye ya faru ne a rana ta biyu da hantsi, lokacin da mahauta suka iso a ayari guda, wasu daga nan Kaura, wasu daga Shinkafi, wasu daga Zurmi. Suka zauna a gefen tabarma, aka yi addu'a, aka shafa. Da za su tashi, dattijon cikinsu ya matso kusa da ni, ya miƙo mini wani ɗan ƙulli a takarda, har maiƙo ya ɓullo ta bayanta.

"Na amaryar Malam ne," in ji shi. "Yau da sahe munka samu. Ban sani ba ko ya dace in kawo ranar makoki, amma na kasa ba wani."

Amaryar Malam 'yata ce, Auta, mai shekara huɗu. Kawu kakanta ne a lissafin dangi, don haka akwai wasa tsakaninsu: shi yana ce mata amarya, ita tana ce masa Ango. Auta tana da lalurar da likitoci ke kira Dawun sindirom, wadda mutanenmu ke haɗawa da wasu lalurorin su ce galahanga. Kawu ba ya son kalmar. Yakan ce kwando ne da ake zuba duk yaron da aka yi ƙyuyar dubawa.

A cikin gida ma an ga baƙin da ba a sani ba. Mata uku ne, ɗaya daga Sakajiki, ɗaya daga Ɗan Isa, ɗaya kuma tun daga Jangeru, duk da yadda hanya take yanzu. Kowacce da yaro, a baya ko a hannu, kuma duk wanda ya dubi fuskokin yaran sai ya dubi ta Auta. Sai Sista, ma'aikaciyar jinya Kirista 'yar Filato, wadda ta yi shekaru a Kaura har Hausarta ta fara karkata irin tamu. Ta yafa mayafi, ta zauna kusa da matar Kawu ta yi kuka sosai. Da za ta tafi ta ja ni gefe, ta nuna mini hayaƙin murhun da ake girkin baƙi, da matan da ke tari a tsakar gida, ta ce, "Ku raba Auta da taron nan."

Da yamma matata ta same ni a soro. Ba ta yi maganar rashin ba, an riga an yi. Cewa ta yi, "Yanzu in tarin ya dawo, wa zai tare mana Inna?"

Don in bayyana nauyin wannan tambaya, sai na koma baya.

Kawu malamin dabbobi ne, amma yawancin shekarun aikinsa a mayanka ya yi su, yana duba nama kafin a fitar da shi kasuwa. Shi kaɗai ne a gidan ya ɗauki wannan hanya, kuma 'yan'uwansa ba su taɓa daina tsokanarsa ba. Sukan ce an haifi alƙali ya ƙare a shari'ar hanji. Yakan amsa da cewa shi dai bai taɓa yanke wa mai rai hukunci ba.

Tun ina yaro nake ganin kayan aikinsa: doguwar riga fara, takalmin roba, wuƙa gajera mai kaifi, da agogon ƙarfe mai hannu uku. Zai tsaga hanta ya leƙa, ya matsa huhu da yatsa, ya shinshina. Dattijon mahaucin nan ya ba mu labari a wurin makoki cewa Kawu ya taɓa sa an binne masa saniya guda saboda wasu ƙuraje da ya gani a huhunta.

"Wata uku ban gaishe shi ba," in ji shi. "Sai ranar da ɗana ya kwanta da tari, ya zo da kansa ya ɗauke shi ga babur ya kai asibiti. Hanya duk shina tambaya tai: in ka yi tari, ina ka jin zahi? Yaro na numfashi da ƙyar, shi ko tambaya."

Haka yake. Kalmar da ta fi yawa a bakinsa ita ce, "To, mi ya sa?" In an ce masa gero ya yi tsada, mi ya sa. In an ce wance ta haifi tagwaye, mi ya sa. Ba musu yake ba, so yake ya sani. Mutane da yawa sun gaji da shi saboda wannan, ni ma a ciki. Aikina karanta labarai ne a rediyo, kuma sau da yawa in na dawo gida sai ya tare ni da tambayar da editana bai yi mini ba.

An haifi Auta a asibiti, kuma ba ta fito ba sai bayan mako uku, domin ba ta iya kama nono da kyau. A can likita ya yi mana bayani. Ya ce a cikin ƙwayoyin halittar jikin mutum akwai wasu zarurruka masu ɗauke da tsarin halittarsa, biyu-biyu suke zuwa, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Ita Auta, a lamba ta ashirin da ɗaya, uku ta samu. Ba laifin uwa ba ne, ba na uba ba, ba kuma abin da aka ci ko aka taka ba. Aka tura mu Gusau aka duba zuciyarta, domin yara da yawa masu wannan lalura suna zuwa da huji a zuciya. Ita ba ta da shi.

Abin da take da shi tari ne. Kafin ta shekara ɗaya da rabi an kwantar da ita sau uku da ciwon huhu. Murar da za ta bi yayyenta ta wuce cikin kwana huɗu, in ta zo kanta sai ta sauka ƙirji. Kunne ya yi ruwa, ya warke, ya sake.

Inna tana da bayaninta, kuma ba ita kaɗai ba. A al'adarmu, kwanaki kaɗan bayan haihuwa wanzami kan zo ya cire wa jariri beli, ɗan naman nan da ke reto a ƙarshen ganɗa. Duk 'ya'yan Inna an cire musu, har ni. Auta tana asibiti lokacin ya wuce. A wurin Inna lissafin a fili yake: yarinya ɗaya ce a zuri'arta ba a cire wa beli ba, kuma ita ce ba ta rabuwa da tari. Ba mugunta ba ce. Inna ce ke kwana da Auta a asibiti, ita ke goya ta, ita ta fara gane abin da take nufi in ta yi magana.

Wata Asabar da safe, Auta na da shekara ɗaya da wata bakwai, na shigo gida na tarar da wanzami zaune a soro da zabirarsa. Matata na ɗaki ta rungume yarinyar ta kulle ƙofa. Ni ɗa ne, ba zan iya ɗaga wa Inna murya ba, kuma gaskiya ban san abin da zan ce ba. Na aika aka kira Kawu.

Ya zo, ya gaisa da wanzamin da mutunci, ya nemi ya ga kayan aikin. Ya ɗaga ƙarfen ya duba a hasken rana yadda yake duba hanta. Ya tambaye shi yara nawa ya yi wa aiki da shi a makon, da kuma yadda yake wanke shi. Sannan ya sallame shi, ya shiga wurin Inna.

"Yaya," in ji Inna, "kai da ka ƙare rayuwarka cikin tumbin awaki, mi ka sani ga ɗiyan mutane?"

"Kaɗan na sani. Ke fa, mi ya sa beli ka sa tari?"

"Haka munka taras."

"Na ji. To mi ya sa?"

"Kai dai da mi ya sa! Ranar da anka cire maka naka, tambaya ka yi?"

"Da ina da baki da na yi," in ji Kawu. "Ki ba ni wata guda in bincika. In ban samo dalilin tarin ga ba, ni da kaina zan riƙe ta a cire."

Inna ba ta ce ta yarda ba. Amma furar da take aika masa kullum da rana tun da aka yi mata aure a unguwar, daga ranar ta tsaya.

Washegari ya tafi wurin Sista, ni na kai shi. Ita ce ke kula da ɗakin yara duk lokacin da aka kwantar da Auta. Ya zauna a benci kamar ɗalibi, ya ce, "Sista, yarinyar ga da yayyenta nono ɗaya sunka sha, ɗaki ɗaya suka kwana. Mi ya sa ita kaɗai?"

Sista ta ce dalilin ba ɗaya ba ne. Hanyoyin iskar irin waɗannan yara ƙanana ne, naman jikinsu kuma da laushi, don haka tarinsu ba shi da ƙarfin fitar da majina. Sannan ta ɗora yatsa a ƙashin ƙirjinta, ta ce a bayan wannan ƙashi, saman zuciya, akwai wata 'yar tsoka da likitoci ke kira taimos. A cikinta ake horar da wani rukuni na fararen ƙwayoyin jini, masu yaƙi da cuta. Can suke koyon bambanta ɗan gida da baƙo kafin a sake su cikin jiki. Tana da girma a jikin jariri, in mutum ya balaga sai ta fara ƙanƙancewa, har ta koma kusan kitse. A yara irin Auta, ta ce, sau da yawa tsokar ƙarama ce tun farko, tsarin cikinta ya bambanta, kuma tana saurin tsufa. Mayaƙan da take fitarwa ba su kai na sauran yara yawa ba. Wani lokaci ma sukan rikice su far wa jikin da suke karewa, shi ya sa ake duba wuyan irin waɗannan yara a kai a kai saboda ciwon maƙoƙo.

Ina kallon fuskar Kawu. Tun daga inda ta ce tana ƙanƙancewa da girma, ya daina ƙifta ido.

"Fara-fara ce, da ɗan ja? Mai laushi, kamar an dunƙula ƙananan ƙwallaye?"

"Haka take a hoto, Baba. Ni ban taɓa riƙe ta ba."

"Ni na riƙe," in ji Kawu. "Shekara talatin ina ture ta da wuƙa in kai ga huhu. Ban taɓa tambayar aikinta ba. Ni!"

Wannan ya dame shi fiye da yadda zan iya kwatantawa. Da sassafe ya zo ya ɗauke ni zuwa mayanka, ya ce aikin jarida ba a ofis ake yinsa ba. Ya yi ritaya da daɗewa, amma yana shiga aka buɗe masa hanya. Ya sa aka buɗe ƙirjin wani ɗan bunsuru da bai shekara ba. Ga ta nan, shimfiɗe saman zuciya, har ta miƙe zuwa wuya. Ya sa aka buɗe na tsohon rago. Sai da ya tona kitse kafin ya nuna mini ɗan abin da ya rage. Ya tambayi mahauta sunanta. Wani ya ce kitse ne, wani ya ce kaluluwa, wani ya ce shi dai a tsire yake sa ta. Sai dattijon nan ya ce ya lura in ɗan akuya ya sha yunwa ko ya daɗe da ciwo, ba a samunta da girma. Kawu ya juyo ya kama hannunsa.

"Ka ga wannan, kuma ba ka taɓa gaya mini ba?"

"Malam, ai ba ka tambaya ba."

Mahautan suka yi ta dariya, domin a Kaura babu wanda ya taɓa samun damar gaya wa Kawu haka.

Ya nemi a ba shi ta ɗan bunsurun, ya kai wa Inna a faranti. Ya ce mata ga inda matsalar take, a ƙirji, bayan ƙashi, inda ƙarfen wanzami ba ya kaiwa. Ya ce yarinyar da mayaƙanta ba su da yawa, ba a buɗe mata rauni a maƙogwaro da ƙarfen da ya shiga bakin yara biyar. Inna ta dubi farantin ta ce ita ba akuya ta haifa ba, ba akuya ta yi jika da ita ba. Amma ba ta sake kiran wanzami ba. Ta dai ce, a gabana, "Muddin kana da rai na bar maka. Kai ne babba."

Wannan magana ce matata ta tuna a soro.

A nan ne kuma Kawu ya yi nasa kuskuren, irin wanda sai wanda ya yi rayuwa a mayanka zai yi. Ya yi tunani kamar haka: mai ƙarancin jini ana ba shi hanta, to mai ƙaramar tsokar ƙirji a ba ta tsokar ƙirji. Bai gaya wa Sista ba, domin a ganinsa abin a fili yake. Matsalar ita ce ba a cika yanka ƙananan dabbobi ba, kuma ta manya ba ta da amfani a lissafinsa. Kaura kaɗai ba za ta wadatar ba. Sai ya bi tsofaffin abokan aikinsa. Ya aika Zurmi, ya je Shinkafi da kansa ranar kasuwa, ya dawo kafin La'asar kamar yadda kowa ke yi yanzu. Cikin wata guda babu mahaucin da bai san amaryar Malam ba. Duk wanda ya yanka ɗan akuya sai ya ware tsokar, ya ba direban da zai zo Kaura. Ana dafa ta da ɗan gishiri da albasa, a murmushe. Auta ta so ta ƙwarai. In ta ga Kawu da ƙullin takarda sai ta buɗe baki tun daga nesa ta ce, "Ango, nama."

Wata bakwai ana haka. Sai damina ta faɗi, Auta ta sake kwanciya da ciwon huhu. Kawu ya zo asibiti jikinsa a sanyaye, ya tsaya a bakin gado yana kallon robar iskar da ke hancinta. Da Sista ta zo, ya gaya mata abin da yake yi, ya tambaye ta ko adadin ne bai isa ba.

Sista ta ajiye abin da ke hannunta.

"Baba, shekara nawa mahautanka suna cin ƙwaƙwalwar rago?"

"Tun suna yara."

"Nawa ne suka zama farfesa?"

Kawu ya dube ta. Sannan ya fara dariya, ya toshe baki saboda marasa lafiya, har hawaye suka zubo masa. Sista ta ce ciki ba ya tambayar daga ina nama ya fito, narkar da shi yake kamar kowane nama. Ta ce bai cutar da ita ba, abinci ne mai kyau, amma ba zai ƙara mata tsokar ba, kuma babu abin da zai ƙara ta.

"To mi za mu yi?"

Ta ce abin da za a yi ba shi da ban mamaki. A yi mata duk alluran rigakafi a kan lokaci, kada a saurari masu cewa ba ta da ƙarfin ɗauka, domin ita ce ta fi bukata, ko da jikinta ba zai amsa kamar na sauran yara ba. A raba ta da hayaƙi da masu mura. A wanke hannu. Sannan abu mafi muhimmanci, kada a jira. Ta kama hannun Kawu, ta nuna agogonsa. In tana tari, a bari ta natsu, a ɗaga rigarta, a ƙirga sau nawa ƙirjinta ke ɗagawa kafin dogon hannun nan mai gudu ya zagayo, minti ɗaya ke nan. A shekarunta, in ya kai arba'in, ko aka ga ƙasan haƙarƙarinta na lotsawa, a taho asibiti a lokacin, ba gobe ba.

Abin da Kawu ya yi bayan haka shi ne abin da na fi so a tuna da shi. Ya koma mayanka ya tara mahauta ya ce musu ya yi kuskure, ya sa su wahala wata bakwai a kan lissafin da ba daidai ba. Suka ce sun ji. Amma ba su daina kawowa ba, suka ce amarya ta saba. Sannan ya tafi wurin Inna ya faɗa mata da bakinsa.

Inna ta gyara zama. Ta daɗe tana jiran wannan rana.

"Ashe wanzamina da mahautanka duk ɗaya."

"Ba ɗaya ba. Nawa kuskuren da albasa anka dahwa shi. Naki jini za a zubar."

"Bakinka dai bai tsuhwa."

Washegari fura ta dawo.

Ya koya wa matata ƙirga numfashi, ya koya mini, ya koya wa matarsa. Inna ta ce ita ba ta iya karatun agogo ba, kuma ba yanzu za ta fara ba. Sai ya ce ba sai ta duba agogo ba. Wani ya riƙe agogon, ita ta riƙe tasbaharta, duk ɗagawar ƙirji ta ja ƙwaya ɗaya. In ta wuce shedar farko, talatin da uku ke nan, in ta ƙara bakwai kafin a ce mata tsaya, to asibiti. Inna ta ce tasbaharta ta ambaton Allah ce, ba ta awon awaki ba. Kawu ya ce numfashin jikarta ma ai Allah ya ba ta. Ta juya masa baya ta ci gaba da tsince shinkafa. Shi kuma ya sake maimaita bayanin ga matata, da ƙarfi, sau biyu, duk da matata ta riga ta iya.

Daga nan ya fara ganin irin waɗannan yara a ko'ina. Ya ce da can ma suna nan, idonsa ne bai koyi ganinsu ba. In ya hangi ɗaya a kasuwa sai ya nemi uban, ya gabatar da kansa, ya fara tambaya. Matar nan ta Sakajiki ta gaya wa matata cewa a ƙauyensu an ce ɗanta ɗan ruwa ne, har an fara ba mijinta shawarar a kai shi bakin gulbi. Kawu ya ji labarin a bakin wani mahauci. Bai yi wa'azi ba. Ya ɗauki Auta da uwarta a mota ya kai su gidan, ya zaunar da ita a tabarma kusa da yaron, ta ƙwace masa rake, ya yi kuka, ta mayar masa. Sannan ya ce wa uban, "Ka ga tawa. Jinin alƙali ce. In naka ɗan ruwa ne, to gulbin har gidanmu ya biyo." Ya nemi katin rigakafin yaron, babu. Ranar Litinin ya sa aka kawo shi wurin Sista.

Bai taɓa daina tambaya ba. Mako biyu kafin rasuwarsa, yana kwance, Auta ta hau gadon ta kara kunnenta a agogonsa kamar yadda ta saba. Ya ɗora yatsa biyu a ƙirjinta ya ce mini, "Har yanzu ban gane ba. Zare ɗaya ya ƙaru, sai tsoka ta ragu. Ƙari ya kawo ragi. Mi ya sa?" Na ce masa na karanta cewa masana ma ba su gama ganewa ba. Ya ce, "Madalla. Ashe ba ni kaɗai ba."

Bayan addu'ar bakwai baƙi suka ragu, amma ba su ƙare ba. Mun yi ƙoƙarin raba Auta da taro, sai dai ba ta tsaruwa. Kullum tana bakin ƙofar ɗakin Kawu tana leƙawa tana cewa, "Ango?" Kowace baƙuwa kuma sai ta ɗauke ta don tausayi.

Kwana goma sha ɗaya da rasuwar, ranar Asabar da hantsi, ta tashi da zazzaɓi da tari. Muna ɗakin Inna: ni, matata, Inna, da wata gwaggonmu da ta zo daga Zurmi ba ta koma ba. Gwaggo ta saurari tarin, ta buɗe bakin yarinyar ta leƙa.

"Har yanzu da belinta? Haba! Shi ne ka taɓa mata maƙoshi. Marigayi ya yi iya nasa, Allah ya jiƙan shi, amma yanzu sai ku aika a kira wanzami tun rana ba ta yi ba."

Matata ta dube ni. Ni na dubi ƙasa. Na shirya maganar da zan faɗa tun ranar da aka yi mini tambaya a soro, amma da lokacin ya zo sai na ji ba ta fitowa.

Inna ta tashi ta shiga ƙuryar ɗaki. Na ɗauka mayafi za ta ɗauko ta aika. Sai ta fito da tasbaharta.

"Ina agogon Yaya?"

Yana aljihuna, babban ɗan ya ba ni shi ranar uku. Inna ta karɓi Auta ta kwantar da ita a cinyarta, ta yi ta shafa kanta har ta daina mutsu-mutsu. Ta ɗaga rigar.

"In dogon hannun ya kai sama ka ce mini. Ke kuma," ta ce wa Gwaggo, "ki yi shiru, kina ruɗa ni."

Na ce, "Yanzu." Ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar ƙwayoyin tasbaha. Na ga yatsanta ya tsallake shedar farko alhali hannun agogon bai kai ƙarfe tara ba. Da ya zagayo na ce, "Tsaya." Ta riƙe wurin da babban yatsa, ta ƙirga abin da ya haura shedar, a fili, ɗaya bayan ɗaya.

"Sha huɗu. Nawa ke nan?"

"Arba'in da bakwai."

"To mi kake jira? Tashi ka tada mota."

Gwaggo ta fara cewa wani abu game da yadda aka saba. Inna tana ɗaura goyo ta ce mata, "Mi ya sa?"

Mun isa asibiti kafin ƙarfe sha ɗaya. Sista ce a bakin aiki. Ciwon huhu ne a ɓangaren dama, bai yi nisa ba, ba a ma sa mata robar iska ba. An sallame ta ranar Laraba. Agogon yana wurin Inna, a rataye a ƙusa ɗaya da tasbahar.